Ranar da Dutse Ya Ciyar da Makwinja

Kwana uku suka yi suna taka dutsen Mulanje kafin Esnati ta ce yau kam ba inda za ta, ko da dutsen ne ya kama da wuta. Da sassafe ta faɗi haka, tana zaune a ƙofar bukkar matafiya, ta miƙe ƙafafu biyu da suka kumbura kamar rogon da ya kwana a ruwa.

Su uku ne a tafiyar. Akwai Makwinja, wanda ya shekara arba'in yana saukowa da katako a ka daga wannan dutse, tun zamanin da masu zarto ke kwana a daji. Akwai Likaka, abokin dakonsa, da suka fara aiki rana ɗaya, suka fara musu a ranar, har yau ba su gama ba, duk da Likaka na ce masa achimwene, wato ɗan'uwa. Sai Esnati, ƙanwar marigayiya matar Makwinja, wadda a da ita ke dafa wa masu zarton abinci. Ita da Makwinja suna kiran juna alamu, wato suruki a yarensu. Yanzu duk sun tsufa, 'ya'ya sun ce a zauna gida a sha shayi. Su kuwa suka ɗaure kaya suka ce sai sun ratsa dutsen da ƙafa daga wannan baki zuwa wancan, kwana bakwai, ba katako a ka, don su ga yadda wurin yake idan mutum na iya ɗaga kai ya duba.

"Hutu?" in ji Makwinja. "Alamu, hutun me kuma? Ni da na taɓa sauka na hawo sau biyu a rana ɗaya da katako mai tsawon mutum uku? Ranar ma zazzaɓi nake."

"Bara ka ce tsawon mutum biyu ne," in ji Likaka daga cikin bargo.

"Na sake aunawa."

Maganar gaskiya, ba duka Makwinja ke ƙarawa ba. Mutumin ya ga abu. Shekarar da dutse ya fashe ruwa ya kwashe ƙauyuka a wajen Phalombe, kwana biyu ya yi a kan bishiyar mangwaro da akuyar wani a kafaɗa. Ya taɓa zamewa da kaya a ka, ya gangara har masu nemansa suka fara shawarar wanda zai je ya gaya wa matarsa, sai ga shi ya hawo yana tambaya ko an ga gammonsa. Ka je ƙasan dutsen ka tambayi duk mai furfura, zai gaya maka. Irin su ba a yi da yawa ba, kuma an daina yi.

Amma abu ɗaya ya tsaya masa a wuya. Dutsen bai taɓa ciyar da shi ba.

Kowa ya san masu dutse, kakannin nan da ke zaune can ƙololuwa inda ba a zuwa, sukan ajiye wa wanda suka ga dama abinci a hanya. Kana tafiya kai kaɗai, sai ka ga an shimfiɗa ganye a kan falalen dutse, ga abinci, ba kowa. Ƙa'idar kuma ba wanda bai san ta ba: ka zauna ka cinye, kada ka kira kowa, kada ka rage, kuma kada bakinka ya faɗa wa ɗan Adam sai ka sauka ƙasa. Wanda ya karya, hazo ya rufe shi, shi ke nan, a nemi baƙin zane.

To, Likaka fa an ciyar da shi. Shekara talatin da wani abu ke nan, ya ce ya tarar da tuwo mai tururi da cinyar kaza. Cinya ɗaya! Amma tun daga ranar, duk biki, duk zaman makoki, Makwinja zai kai tsakiyar labarin bishiyar mangwaro, sai wani ya yi gyaran murya ya ce, "Likaka, ba mu na tuwon nan mana." Mutane su juya. A bar Makwinja a kan bishiya da akuya a kafaɗa, ba mai sauko da shi. Yanzu ya haura saba'in, gwiwoyinsa kuma sun gaya masa a asirce cewa wannan ne hawan ƙarshe. In dutsen bai kula shi a wannan mako ba, zai shiga kabari Likaka na gabansa.

Ranar hutun ta fara da daɗi. Maigadin bukkar, wani dogon tsoho mai suna Mulepa wanda ya kwana tara bai ga mutum ba, ya hura wuta ya dafa shayi baƙi ƙirin, ya binne dankali a toka. Aka shanya riguna da safa a kan duwatsu. Rana ta fito da ɗan ɗumi, irin wanda ke shiga ƙashin tsoho ya zauna. Likaka ya ja allon dara suka zauna da Mulepa, kowa na zargin kowa da satar ƙwaya. Esnati kuwa ta ɗauki wani ƙunshi da ta ƙi bari a taya ta ɗauka tun daga gida, ta ce za ta ƙorama wanki.

"Kada in ga ƙeyar namiji a can," ta ce. "Musamman kai, alamu."

"Me zan je gani? Abin da tsufa ya riga ya gama da shi?"

"Madubi ne ba ka da shi, shi ya sa kake magana."

Ta tafi. Makwinja ya sha shayi moɗa biyu, ya ci dankali, ya zagaya bukkar sau uku yana gaya wa Mulepa yadda ya kamata a ce an kafa ta. Da hantsi ya yi, sai ya ɗauki sanda ya ce shi zama na sa masa ciwon baya, zai je ya dubo musu hanyar gobe.

"Achimwene," in ji Likaka, bai ɗago daga darar ba, "hanyar nan tana nan tun kafin a haife ka. Ba ta gudu."

"Shi ya sa har yau ba ka san ta ba."

Ba hanya zai duba ba. Ƙafafunsa ne suka fi na Esnati kumburi, farcen babban yatsa ya yi baƙi, amma ya gwammace a yanke ƙafar da ya cire takalmi a gaban Likaka. Ya yi dogon zagaye ta bayan tudu don ya faɗa wa ƙoramar daga sama, nesa da wurin wanki. Ya zauna ya tsoma ƙafafu a ruwan sanyi, ya saki wani nishi da ya kwana uku yana riƙewa.

Yana nan zaune farin hazo ya taso daga kwari, yadda ya saba, ba sallama. Kafin ya ɗaure takalmi ba ya ganin ƙarshen sandarsa. Ya bi ƙarar ruwa yana gangarawa a hankali, yana lalube. Sai ya ji ƙamshin hayaƙi, alhali ba wuta a ko'ina. Ya ƙara taku biyar. Hazon ya ɗan yaye kamar an ɗaga labule.

Falalen dutse ne a tsallaken ruwa, a wanke tas. An shimfiɗa ganyen ayaba a kai, a inda ayaba ba ta tsirowa. A kan ganyen an tula waken kalongonda, ɓararre, yana ɗan tururi. A gefe ga nunanniyar ayaba, guda goma sha ɗaya.

Makwinja ya cire hula.

Kalongonda! Ba tuwon da kowace mace ke tuƙawa tana hira ba. Waken da sai an wuni ana tafasawa ana zubar da ruwa, a sake zuba sabo, har dafin da ke cikinsa ya fita, abincin da ake yi wa baƙon da ake jin nauyinsa. Masu dutse sun san ƙabilarsa, Balomwe ne, sun san abin da bakinsa ke so, sun kuma tsaya sun ɓata wuni guda a kansa. Likaka kuma an jefa masa cinya ɗaya kamar kare. Hawaye suka taru masa. Ya duba dama, ya duba hagu, ya tsallaka ruwan, ya zauna, ya wanke hannu.

Loma ta farko ta ɗan yi tauri, kuma akwai ɗaci a ƙarshen harshe. Babu gishiri ko ƙwaya. Ya ce a ransa mutanen da suka mutu tun kafin a buɗe kanti ba za a zarge su da rashin gishiri ba, kuma ba shi ne zai fara kushe girkin kakanni ba. Ya ci gaba. Abincin fa da yawa, zai ishi mutum huɗu su yi gyatsa, amma ai sun san girman baƙonsu ne. Da ya kai rabi ya kwance ɗamara. Da ya kai kashi uku cikin huɗu gumi ya keto masa cikin wannan sanyi. Ya riƙa tura wake da ayaba, ya tura ayaba da ruwan ƙorama, ya huta, ya koma. Loma ta ƙarshe sai da ya miƙe tsaye ya yi ɗan tsalle kafin ta sami wuri. Sannan ya naɗe ganyen da kyau, ya jera ɓawon ayaba a gefe, ya ɗora ɗan dutse a kai don kada iska ta watsar, ya durƙusa ya tafa hannu a hankali irin gaisuwar manya.

Sai a hanyar komawa ya gane wahalar da ke gabansa. Kwana huɗu suka rage kafin su sauka ƙasa. Kwana huɗu zai yi yana kallon fuskar Likaka da wannan labari a ciki, ba damar buɗe baki.

Ya iso bukka ya zauna a kan kututture, ya haɗe leɓe.

"Yaya hanyar?" in ji Likaka. "Tana nan, ko an sace?"

Makwinja ya gyaɗa kai kawai. Tsoronsa in ya buɗe baki don ya ce "tana nan", sauran maganar za ta biyo baya da gudu.

Likaka ya ɗago ya dube shi. Ya koma kan dara, ya sake ɗagowa. Ya ce wa Mulepa da ƙarfi, "Ka san shekarar ruwan Phalombe? Ai ni na sauko da wannan daga kan bishiya. Yana ta kuka yana kiran uwarsa. Akuyar ce ma ke ba shi haƙuri."

Makwinja ya yi murmushi irin na mai tausayin yaro.

Ƙwayar dara ta faɗi daga hannun Likaka. "Mulepa, taɓa goshinsa. Mutumin nan ba lafiya."

Kafin Mulepa ya tashi sai ga Esnati ta fito daga hazo, da tukunya a hannu ɗaya, ɗaurin itace a ɗaya, ɗankwali ya karkace, tana haki.

"Wa ya je ƙorama? Ku gaya mini yanzu, wa ya je?"

"Ke kika hana," in ji Likaka. "Me ya faru? An sace sabulu?"

"Wakena! Kalongonda nake dafawa tun safe a bayan babban dutse. Na ɓare na wanke na shanya a ganye, itace ya ƙare, na shiga nema, hazo ya ɓatar da ni. Na dawo babu ko ƙwaya! Har ayabar!"

"Birai ne," in ji Mulepa. "Suna da yawa a wajen."

"Biran nan naka su ke naɗe ganye su jera ɓawo su ɗora dutse a kai? Makaranta ka sa su?" Ta ajiye tukunyar, muryarta ta canza. "Ba waken nake ji ba. Tafasa uku kawai na yi. Sai ya yi bakwai. Duk wanda ya ci wannan tulin, in bai fito da shi yanzu ba, ba na jin zai ga gobe da hankalinsa. In ma ya gan ta."

Ido shida suka juya kan kututture.

Makwinja ya ji maganar sarai. Amma nan take ya yi lissafi. Dutsen nan falalen duwatsu nawa ke kansa? Dubbai. Nata waken daban, nasa daban. Birai sun cinye nata, wannan matsalar birai ce. Shi nasa daga sama aka aiko. In kuma ba haka ba ne, to shi Makwinja, da furfurarsa, ya durƙusa ya tafa wa tukunyar ƙanwar matarsa hannu ke nan, ya kuma cinye abincin mutum huɗu a ɓoye kamar ɓera. Wannan ba zai yiwu ba. Don haka bai yiwu ba.

"Alamu," in ji Esnati, ta tsaya a kansa. "Buɗe bakinka."

Ya kau da kai yana kallon tsauni.

"Alamu, akwai wake a gemunka."

Ya sa hannu ya share gemu, ya ce, "Yau da alama za a yi ruwa da yamma."

"Ka ci ko ba ka ci ba?"

"Dankalin Mulepa ya yi daɗi."

Likaka ya dafe kai da hannu biyu. Shi ya fara ganewa. "Wayyo Allah. Esnati, ganye a kan dutse, hazo, ba kowa a wurin. Kin gane abin da wannan tsohon ya ɗauka?"

Ta gane. Ta rasa ko dariya za ta yi ko ihu. Mulepa kuwa ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Ba a daɗe ba dariya ta ƙare. Makwinja ya fara jin bukkar na lilo a hankali kamar kwalekwale. Yawu ya cika masa baki, hannunsa na hagu ya kama ɗan rawa shi kaɗai ba a sa shi ba, kuma ya ga Mulepa ya zama biyu, duk dogaye. Ya ce a ransa haka abin yake, ba a cin abincin manya jiki ya zauna yadda yake. Cikinsa ya yunƙuro, ya danne. Kyautar masu dutse ce zai zubar a ƙasa a gaban jama'a? Ya ƙanƙame sanda ya haɗiye.

Mulepa ya daka gawayi ya dama a ruwan ɗumi, maganin da ya sani ke nan na wanda ya ci abin da bai kamata ba. Esnati ta kawo moɗar har bakinsa. Ya rufe ido ya datse haƙora. Ta zage shi, ta roƙe shi, ta kira shi da sunan yarintarsa. Ta ce asibiti wuni guda ne daga nan gangare, wa zai ɗauke shi, tsofaffi biyu da mace mai kumburarriyar ƙafa? Ta ce in ya mutu a kan wakenta, da wane ido za ta dubi 'ya'yan yayarta? Ya ji wannan har cikin ransa, amma shan ruwan nan daidai yake da cewa waken nata ne. Bai buɗe ba.

Ya ga Likaka ya ja ta bayan bukka, suna ƙus-ƙus, ita tana yarfa hannu. Can Likaka ya dawo shi kaɗai, ya zauna gaban allon dara kamar ba abin da ke faruwa, ya fara jera ƙwayoyi.

"Bar shi, Mulepa, zo mu ƙarasa. Ba abin da ya ci. Ai da an ba shi, da mun ga alama."

"Wace alama?" in ji Mulepa.

"Akwai abin da ba na faɗa a wurin biki, don ba na kowa ba ne. Ka san in manya suka ciyar da kai, ba a tafiya da abincin gida. Gwaji ne. Ka ci don ka nuna ladabi, sannan ka sha ruwan gawayi ka mayar wa ƙasa abinta, don na ƙasa ne. Wanda ya riƙe a ciki, sai su ce ashe mayunwaci ne muka gayyato, ba baƙo ba. Duk wanda aka ciyar da gaske ya san wannan, ba sai an gaya masa ba. Ni ranar, moɗa uku na shanye a tsaye. Ban ga wanda zai iya uku ba a yanzu. Mazan sun ƙare."

Makwinja ya buɗe ido ɗaya. Bai taɓa jin wannan ƙa'ida ba tunda uwarsa ta haife shi, kuma wani sashe na kansa, wanda bai fara lilo ba tukuna, ya san Likaka maƙaryaci ne tun yana da haƙora. Amma a ce akwai wata ƙa'idar dutsen nan da Likaka ya sani shi bai sani ba? A gaban maigadi?

"Kai za ka koya mini?" ya ce, harshe na masa nauyi. "Kai? Tun kana tallan rake na san wannan."

"Ai ban ce da kai nake ba, achimwene. Kai me ka ci?"

"Ban ce na ci komai ba. Ƙishirwa nake ji." Ya miƙa hannun da ba ya rawa. "Alamu, zubo biyar."

Uku da rabi ya sha. Ana cikin ta huɗu ya miƙe da saurin da bai yi ba tun yana ɗan talatin, ya yi bayan bukka. Abin da ya biyo baya ba na bayani ba ne, sai dai hankaki biyu da ke kan rufi sun tashi ba su dawo ba sai washegari. Likaka ya riƙe masa goshi, yana cewa, "Yawwa, mayar musu, har ayabar, kada ka ci amana." Esnati na tsaye da ruwa tana ƙirgawa da ido, sai da ta ga abin ya kai kimanin tulin da ta shanya sannan ta zauna a ƙasa daɓas, ta ja bakin zane ta rufe fuska.

Suka shimfiɗa masa bargo a inda rana ke bugawa, don hazon ya watse kamar bai taɓa zuwa ba. Ya kwanta yana surutai, ya kira akuyar Phalombe, ya yi wa wani mai zarto da ya mutu tuntuni faɗa a kan awo. Suna zaune kewaye da shi, ba mai dara, ba mai shayi. Sai da rana ta karkata sosai rawar hannun ta tsaya, numfashinsa ya daidaita, ya yi barci har da minshari. Likaka ya ce bai taɓa jin minshari mai daɗin wannan ba.

Da ya farka bukkar ta daina lilo, Mulepa ya koma ɗaya. Bakinsa baƙi ƙirin da gawayi, jikinsa kamar an yi daka a kai. Esnati na gefe tana dama masa kunu. Ya daɗe yana kallonta, yana kallon sauran ganyen ayaba da ke leƙowa daga ƙunshinta, irin tsagin da irin launin.

"Alamu," ya ce a hankali, "sau uku kika ce?"

"Sau uku."

"Me ya kai ki ɗauko kalongonda har saman dutse?"

Ta ci gaba da damu, ba ta dube shi ba. "Tun da Yaya ta rasu ba ka ci ba. Na san ba mai yi maka. Na ce ranar hutu akwai lokaci, ga ruwa a wadace."

Makwinja ya karɓi kunun ya sha kaɗan, hannunsa biyu a jikin kwanon.

Likaka ya matso ya tsuguna, ya yi ƙasa da murya. "Achimwene, ji nan. Mun yi magana mu uku. Ba wanda ya ga komai. In mun sauka, ka faɗa yadda kake so, ni zan ce na ga ganyen da idona. Esnati ba ta dafa komai ba, wanki ta je. Yanzu mu biyu ne dutse ya ciyar. Shi ke nan."

Makwinja ya dube shi. Shekara talatin yana jiran wannan, ga shi an miƙo masa a tafin hannu, kuma ya san ba ƙaramin abu Likaka ya haɗiye ba kafin ya furta. Ya hango zaman makoki na gaba, ana cewa "Likaka da Makwinja, ku ba mu na abincin nan." Likaka da Makwinja. Sunansa a baya, a cikin labarin wani, da aron shaida.

"Ruwan gawayin nan," ya ce, "da gaske ka sha uku?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Ko ɗanɗanawa ban taɓa yi ba."

"Na sani." Ya ajiye kwanon, ya yunƙura ya zauna, ya jingina da bangon katako. "Riƙe cinyar kazarka, ba na so. Mulepa! Zo nan. Shekara nawa kake gadi a dutsen nan?"

"Ashirin da biyu, Baba."

"Ka taɓa jin mutumin da ya ci kalongonda tafasa uku ya tashi?"

"Na ji wani a ƙauyenmu ya ci tafi ɗaya, ya kwana biyu yana gaisawa da turmi."

"Tafi ɗaya! Alamu, gaya masa na mutum nawa kika dafa."

"Alamu, don Allah sha kununka."

"Na mutum huɗu! Da ayaba goma sha ɗaya, ba gishiri, ni kaɗai, a shekara saba'in da uku. Tuwo mai zafi kowane rago zai iya ci in an ajiye masa. Dafi fa? Wa ya ci dafin mutum huɗu ya zauna yana shan kunu da yamma? Ku nuna mini shi a ƙasar nan in gaishe shi!"

"Shi ke nan," in ji Likaka, ya faɗi zaune. "Mun warkar da shi. Laifinmu ne."

"Kuma sai ka gaya musu ka durƙusa ka tafa wa ganyena hannu," in ji Esnati.

"Wa ya ce na tafa?"

"Sawun gwiwarka na nan a yashi."

"To ai girkinki na gaisar. Ko ɗanye ne, hannun gidanmu ne."

Ta jefe shi da ludayi, bai same shi ba. Mulepa ya tono sauran dankali daga toka, ya ɗora wani shayin. Makwinja ya cire takalmi a gaban kowa, ya miƙe kumburarrun ƙafafunsa kusa da wuta, ya goge gawayin bakinsa da bayan hannu. Sannan ya gyara zama ya fara ba su labarin tun daga farko, su da aka yi komai a kan idonsu. Esnati ta tashi kwashe shanya, Likaka ya juya masa baya yana ɓare dankali. Mulepa ne kaɗai ya matso da kututturensa, har yana tambaya, "Sai aka yi yaya, Baba?"